Shin daga tatsuniyoyin Masar aka ƙago labarin Annabi Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mini wani bidiyo da ke cewa wata marubuciya Ba'amurkiya, Acharya S, ta tabbatar da cewa Kiristanci kwaikwayon addinan maguzawan da ne. Wai gunkin Masar Horus shi ma budurwa ce ta haife shi ranar 25 ga Disamba, yana da almajirai 12, an gicciye shi, ya tashi bayan kwana uku, haka ma Mithras da Krishna. Ina da aboki Kirista da muke yawan muhawara, ina so in tura masa. Maganar nan tana da tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka tura. Shawarata kada ka tura. Mafi yawan abin da aka jera a bidiyon nan babu shi a rubutun Misirawa ko Rumawa ko Indiyawan da aka jingina wa, ɗan abin da ke da ƙamshin gaskiya a ciki kuma an ja shi har ya wuce inda zai iya kaiwa. Akwai tambaya ta gaske game da yadda al'adun Girka da Rum suka shiga Kiristanci, zan zo kanta, amma wannan jeri ba shi ne amsarta ba.

Sunan matar na ainihi Dorothy Murdock, an haife ta a 1960, ta rasu a 2015. Littafin da ya fito da ita shi ne The Christ Conspiracy na 1999, daga baya a 2009 ta fitar da wani babba kan Horus da Yesu kaɗai. Abin da ya watsa ra'ayinta a duniya shi ne fim ɗin Zeitgeist na 2007, wanda kashinsa na farko ya dogara ƙwarai da rubuce-rubucenta. Guntayen bidiyon da ke yawo a wayoyi yau kusan duk jikokin wannan fim ne, ko da an sauya murya an sa sabon hoto.

Kafin mu shiga Masar, akwai abin da masu yanka bidiyon kan ɓoye wa Musulmi. Murdock ba cewa ta yi an gurɓata saƙon Annabi Isa (AS) bayansa ba. Cewa ta yi ba a taɓa yin mutumin ba. A wurinta shi rana ce ta sama aka mayar mutum a labari, almajiransa burujai 12 ne, mahaifiyarsa kuma burujin budurwa. Haihuwa ba uba da take kira satar tatsuniya ita ce wadda muke karantawa a Suratu Maryam, inda Nana Maryam ke tambayar yadda za ta sami ɗa alhali wani namiji bai taɓa ta ba. Hawariyawan da take cewa taurari ne, Alƙur'ani ya ambace su a Ali Imrana da Saffi. A 2014 ta sake fitar da wani littafi mai musun cewa an yi Annabi Musa (AS). To Musulmin da ya ɗauki wannan ya jefi Kirista, ya daɓa wa cikinsa wuƙa ne bai sani ba. Na fara da wannan ne don ka san abin da ke hannunka. Amma rashin dacewa da aƙidarmu ba shi ke ƙaryata magana a fagen tarihi ba, sai an je an duba hujja. Bari mu duba.

Labarin haihuwar Horus yana cikin labaran da aka fi sani a addinin Masar ta da. Gunki Set ya kashe ɗan'uwansa gunki Osiris. Isis, matar Osiris, ta nemo gawar mijinta, ta farfaɗo da shi na ɗan lokaci da sihiri, ta ɗauki cikin Horus daga gare shi. Rubutun da ke jikin bangon dalar sarakuna, wanda ya girmi zamanin Annabi Isa da fiye da shekara 2,000, ya faɗi saduwar tasu ƙarara da kalmomin da kunya ba za ta bar ni in kawo su nan ba. A haikalin Fir'auna Seti na Ɗaya a Abydos, wanda aka gina wajen shekara 1,280 kafin miladiyya, an sassaƙa abin a dutse: Osiris kwance a kan makara, Isis ta rikiɗe ta zama shirwa, ta sauko ta buɗe fukafukai a kan cinyarsa. Duk wanda ya je yau zai gani. Marubucin Girka Plutarch, a farkon ƙarni na 2 miladiyya, ya ƙara da cewa an yanka gawar kashi 14, shi ma kuma ya ce bayan mutuwar Osiris Isis ta sadu da shi ta haifi yaron. Murdock ta kafa hujja da wani kirari da ake yi wa Isis a wasu rubuce-rubuce, wanda ake iya fahimta da ma'anar budurwa ko matashiya. Kirari daban, labari daban. Mutanen da suka yi mata kirarin su ne suka sassaƙa wancan hoto.

Akwai wani hoto kuma da ake yawan nunawa, na haikalin Luxor, ana cewa ga bushara ga haihuwa ga masu kawo gaisuwa, kamar a Linjila. Hoton na haihuwar Fir'auna Amenhotep na Uku ne. Rubutun da ke gefensa ya ce gunki Amun ya ɗauki kamannin mijin sarauniya Mutemwiya ya shiga ɗakinta, ƙamshinsa ya tashe ta daga barci, suka kwana, sannan gunki Khnum ya ƙera jaririn a kan faifan maginin tukwane. Sarauniyar matar aure ce, manufar hoton kuma siyasa ce, a nuna wa talakawa cewa sarkin ɗan gunki ne don kada a yi jayayya da sarautarsa.

Almajirai 12 babu su. Misirawa sun san 'ya'yan Horus huɗu, waɗanda ake sa siffarsu a kan tulunan da ake adana kayan cikin mamaci, sun kuma san wata tawaga da ake kira mabiyan Horus wadda ba a ƙayyade mata wannan adadi ba. Gicciye ma babu. Abin da ya sami Horus shi ne ya rasa ido a faɗansa da Set aka mayar masa, kuma yana yaro kunama ta harbe shi a cikin fadama. Wani allon dutse na ƙarni na 4 kafin miladiyya, wanda yanzu yake gidan tarihi a New York, ya ba da labarin: Isis ta yi kururuwa har jirgin rana ya tsaya cik a sama, gunki Thoth ya sauko ya yi tofi dafin ya fita. Mutane kan zuba ruwa a kan irin waɗannan alluna su sha don maganin harbin kunama da saran maciji. Idan aka matsa wa masu da'awar su kawo gicciyen, sai su nuno hoton gunki ya buɗe hannuwansa biyu. Osiris kuwa, wanda shi ne ya mutu, bai dawo duniya ba, ya zama sarkin matattu ne a lahirar Misirawa.

Game da ranar haihuwa akwai ɗan abin kamawa, ya kamata in faɗe shi. Plutarch ya ce Isis ta haifi yaron ne wajen lokacin da rana ke kai ƙarshen karkatarta a tsakiyar hunturu. Daga nan aka samo 25 ga Disamba. Sai dai kalandar Misirawa kwana 365 ce cif ba ƙarin kwana a shekara ta huɗu, don haka bukukuwansu kan zagaya yanayin shekara a hankali. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Linjila ba ta ce an haifi Yesu a 25 ga Disamba ba, ba ta ma ambaci wata rana ba sam.

Mithras, gunkin da aka bauta wa a daular Rum, da Krishna na Hindawan Indiya ba sa buƙatar dogon bayani. An tono ɗaruruwan ɗakunan bautar Mithras daga Siriya har Ingila, ciki har da wanda aka gano a tsakiyar Landan a 1954. A sassaƙe-sassaƙensu daga cikin dutse yake fitowa, riƙe da wuƙa a hannu ɗaya da sanda mai ci da wuta a ɗaya. Ba shi da uwa balle a yi maganar budurcinta. Babban aikinsa yanka bijimi ne, ba a nuna mutuwarsa ko'ina ba, "almajiran" nasa 12 kuwa alamomin burujai ne da ake zagaye hoton da su. Ƙari a kan haka, mafi tsufan shaidar wannan bauta a daular Rum ta ƙarshen ƙarni na 1 ce, bayan Bulus, babban mai wa'azin Kiristanci na farko, ya gama rubuta wasiƙunsa da ke cikin Baibul. Krishna shi ne ɗa na takwas ga mahaifiyarsa Devaki da mijinta Vasudeva. Hindawa na bikin haihuwarsa a Agusta ko Satumba, kuma a littattafansu wani maharbi ne ya harbe shi da kibiya a ƙafa bisa kuskure ya mutu.

To daga ina jerin ya fito? Nan ne nake so ka yi aiki da abin da malaman hadisi suka koya mana, wato bin isnadi. Idan ka buɗe littafin Murdock na farko ka bi inda ta ce ta samo magana, sau da yawa ba za ta kai ka ga rubutun Masar ba, sai dai ga wani marubucin Turai ko Amurka na ƙarni na 19, shi kuma ya kai ka ga wani irinsa, daga nan sarƙar ta yanke. Tushen ya faro ne daga Faransa lokacin juyin juya hali, inda Volney a 1791 da Charles Dupuis a 1795 suka ce duk addinai bautar rana da taurari ne. Lura da shekarun. Sai a 1822 Champollion ya warware rubutun Misirawa, ke nan mutanen nan sun yanke hukunci kan addinin da ba wanda ke iya karanta rubutunsa a lokacin. A 1875 wani Ba'amurke, Kersey Graves, ya fitar da littafi mai cewa an yi masu ceto 16 da aka gicciye kafin Yesu, kusan ba tare da nuna madogara ba. Batun Horus kuwa na Gerald Massey ne, mawaƙin Ingila da ya koya wa kansa ilimin Masar, ya rasu a 1907, masana fannin kuma ba su karɓi fassararsa ba tun yana raye. Ta wannan hanya ce ma maganar ta shigo littattafan Larabci: littafin Muhammad Tahir al-Tannir kan aƙidun maguzanci a Kiristanci, da aka buga a Beirut a 1912, ya ɗebo da yawa daga wani Ba'amurke Thomas Doane da ya rubuta nasa a 1882. Saboda haka ganin maganar da Larabci ba ya ƙara mata ƙarfi, ruwaya ɗaya ce ta sauya riga.

Dabarar mayar da mutum rana tana da sauƙin da ya sa ba ta tabbatar da komai. Tun a 1827 wani Bafaranshe mai kula da ɗakin karatu, Jean-Baptiste Pérès, ya nuna haka. Ya ɗauki hanyar Dupuis ya ɗora a kan Napoleon, wanda bai fi shekara shida da mutuwa ba: ya ce 'yan'uwansa maza huɗu yanayin shekara huɗu ne, manyan hafsoshinsa 12 burujai ne, ya taso daga gabas ya faɗi a tekun yamma kamar rana, saboda haka ba a taɓa yin sa ba. Masu karatunsa da yawa sun ga Napoleon da idonsu, wasu sun yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Hausawa sun riga sun gama maganar da suka ce kama da wane ba ta wane. Haka batun "sarakuna uku" da ake cewa sun kawo wa jariri Yesu gaisuwa, waɗanda bidiyon ke cewa taurari uku ne da ke jere suna nuna tauraron Shi'ira. Linjilar Matiyu ba ta ce sarakuna ba ne, ba ta kuma ce uku ba ne. Cewa ta yi masana taurari daga gabas, kyaututtukan da suka kawo ne iri uku.

Mu koma kan Kirsimeti, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wajen shekara ta 200, wani malamin Kirista, Clement na Iskandariya, ya rubuta cewa wasu na lissafin haihuwar a Mayu, wasu a Afrilu, bai ambaci Disamba ba. Shaida ta farko tabbatacciya ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354, a wani jeri da ke komawa ga 336. A wannan kalanda ɗin dai an rubuta bikin gunkin rana a ranar. Masana sun kasu biyu. Wasu na ganin coci ta zaɓi ranar ne don ta danne bikin maguzawa, wasu na ganin lissafi ne, an ɗauka cikinsa ya shiga 25 ga Maris aka ƙirga wata tara. Ko wanne ne daidai, abu ne da ya faru shekara 300 bayan Annabi Isa. Har yau cocin Armeniya 6 ga Janairu take bikinta. Ranar da aka ƙara a ƙarni na 4 ba za ta gaya maka daga ina labarin ƙarni na 1 ya fito ba.

Yanzu ga abin da ke da ƙarfi a ɓangarensu, don zalunci ne a ɓoye shi. Lallai akwai tsofaffin labarai na gumakan da suka mutu suka dawo. A wani rubutun Sumer, a ƙasar Iraƙi ta yau, gunkiya Inanna ta sauka duniyar matattu, aka kashe ta aka rataye gawar a ƙugiya, bayan kwana uku aka nemo mata ceto ta farfaɗo. A allunan Ugarit da aka tono a gaɓar Siriya tun 1929, Ba'al ya mutu ya dawo, dawowarsa tana tafe da ruwan sama. Rumawa na kiran sarki Augustus ɗan allah a kan kuɗinsu, har ana ba da labarin cewa gunki Apollo ne ya yi cikinsa. Wani malamin Kirista na farko, Justin, da yake rubuta wa sarkin Rum wajen 155, da kansa ya ce abin da Kiristoci ke faɗa kan Yesu bai fi ban mamaki ba a kan abin da Rumawa ke faɗa kan 'ya'yan gunkinsu Zeus. Yana neman a daina kashe su ne, sai ya yi magana da harshen da sarki zai gane.

Masana sun shafe fiye da ƙarni suna tafka muhawara kan wannan. James Frazer a 1890 ya tara gumakan nan a rukuni ɗaya na masu mutuwa da tashi. Jonathan Z. Smith a 1987 ya ce rukunin ma bai tsaya ba, domin waɗansu sun mutu ba su dawo ba, waɗansu sun ɓace sun dawo ba tare da sun mutu ba. Tryggve Mettinger na Sweden a 2001 ya ce a'a, akwai kaɗan na gaske irin su Ba'al. Amma shi Mettinger ɗin, wanda ya fi kowa kare samuwarsu, ya rufe bincikensa da cewa bai ga shaidar da ke nuna daga waɗannan aka gina labarin tashin Yesu ba. Mutuwarsu da dawowarsu tana bin rani da damina ne, tana maimaituwa kowace shekara, a wani zamani da ba a san lokacinsa ba. Shi Yesu kuwa ana maganar mutum ne daga wani ƙauye mai suna Nazarat, a zamanin gwamnan da aka san sunansa da shekarun mulkinsa.

Abin da ya fi damuna da littattafan Murdock shi ne sun tsallake ƙasar da abin ya tsiro a cikinta sun tafi nema a nesa. Mabiyan farko Yahudawan Falasɗinu ne, kuma kusan duk abin da ake cewa an aro daga Masar yana nan a gidansu. Adadin 12 na ƙabilun Bani Isra'ila ne. Tashin matattu yana cikin littafin Daniyel, ɗaya daga littattafansu masu tsarki. Jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa na Idin Ƙetarewa ne, idin Yahudawa na tunawa da fitarsu daga Masar. Wankan tsarki sananne ne a wurinsu, littattafan da aka fara ganowa a kogunan gaɓar Tekun Gishiri a 1947 sun nuna wata jama'ar Yahudawa mai yawan wanka, mai jiran Almasihu, mai majalisar mutum 12 da limamai uku. Sarkin da ya sa a kashe jarirai a Linjilar Matiyu ya fi kusa da Fir'aunan Annabi Musa nesa ba kusa ba a kan wani sarkin Indiya. Kuma mutanen nan ba masu sassauci ba ne kan gumaka. Masanin tarihi Josephus ya ba da labarin lokacin da Bilatus, gwamnan da Rum ta naɗa musu, ya shigo da tutocin soja masu hoton sarkin Rum cikin Urushalima da dare. Jama'a suka bi shi har Kaisariya, suka kwana biyar a ƙofar gidansa. Da ya sa sojoji suka kewaye su da takubba, sai suka zube ƙasa suka miƙa wuyansu, suka ce gara a yanka su da a keta dokar Attaura. Bilatus ne ya janye. A ce irin waɗannan mutane ne suka zauna suka harhaɗa Almasihunsu daga Horus da Mithras, wannan yana buƙatar hujja mai nauyi, ba a kuma kawo ta ba.

Ita ma da'awarta cewa wasu ƙungiyoyin asiri ne suka ƙirƙiro addinin don haɗa kan daular Rum ba ta jitu da abin da daular ta yi ba. Sarki Nero ya kashe Kiristoci a 64, sarki Decius ya tsananta musu a 250, sarki Diocletian ya rusa coci-coci ya ƙona littattafansu daga 303. Sai a 313 aka ba su 'yanci, sai a 380 addinin ya zama na gwamnati.

Shaidar cewa an yi mutumin kuwa, ta fi ta yawancin talakawan zamaninsa nesa. Bulus ya rubuta wasiƙunsa a shekarun 50, wato kimanin shekara 20 bayan abin. A wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ce ya je Urushalima ya zauna da Bitrus, babban almajirin Yesu, kwana 15, ya kuma ga Yakubu ɗan'uwan Yesu. Ba don ya tabbatar da samuwar kowa ya faɗi haka ba, a cikin jayayya ce kan matsayinsa, har ya ba da labarin yadda ya tsaya wa Bitrus gaba da gaba. Josephus, Bayahude ne ba Kirista ba, a littafinsa na wajen 93 ya ce a shekarar 62 babban limami Ananus ya sa aka jefe Yakubu, ɗan'uwan Yesu da ake kira Almasihu. Akwai wani sakin layi mafi tsawo a littafin da masana suka yarda hannun Kiristoci ya taɓa shi daga baya, shi ya sa na fi dogara da na Yakubu. Tacitus, ɗan majalisar Rum mai ƙin Kiristoci ƙwarai, ya rubuta wajen 116 cewa sunansu ya samo asali ne daga Kristus wanda Bilatus ya yanke wa hukuncin kisa a zamanin sarki Tiberius. Shi Bilatus ya yi gwamna daga 26 zuwa 36, a 1961 kuma aka tono dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya. Sannan ka duba maƙiya. Celsus, wani masanin falsafa mai bautar gumaka da ya rubuta suka mai zafi kan Kiristanci wajen 178, ya yi wa Nana Maryam ƙazafi, ya ce ɗanta sihiri ya koyo a Masar. Da akwai ƙishin-ƙishin cewa ba a yi mutumin ba, da shi zai fara faɗa. Ba mu da wani maƙiyi na zamanin da da ya bi ta nan.

Na san za ka ce to ai Tacitus kisa ya ambata, mu kuma ayar Nisa'i ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Haka ne, kuma masana tarihi na zamani suna lissafa gicciyen cikin abubuwan da suka fi amincewa da su. Musulmi yana da amsarsa a cikin ayar kanta, da ta ce an kamanta musu ne, ke nan ba abin mamaki ba ne mutanen lokacin su ruwaito abin da suka ɗauka sun gani. Wannan saɓani ne na aƙida tsakaninmu da Kiristoci, tsoho ne kuma sananne. Amma mu da su duka muna magana ne kan mutum na gaske a gari na gaske.

Tasirin al'adun waje a Kiristanci na baya kuwa, ba mai musunsa, har malaman coci. Kalmar Logos, wato "Kalma" da Girkanci, da Linjilar Yahaya ta buɗe da ita tana da dogon tarihi a falsafar Girka da kuma wurin Philo, Bayahuden Iskandariya. Kalmar da taron shugabannin coci na garin Nikiya a 325 ya zaɓa don bayyana alaƙar Ɗa da Uba ba daga Linjila aka ɗauko ta ba, ta masu falsafa ce, an kuma yi shekaru ana rikici a kanta. A wani kabari ƙarƙashin Vatican akwai zanen da masana da yawa ke ɗauka na Yesu ne cikin siffar gunkin rana a kan keken dawaki. A 601 Fafaroma Gregory ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila cewa kada su rusa ɗakunan gumaka, su fitar da gumakan su tsarkake ɗakin su mayar da shi coci, don mutane su ci gaba da zuwa inda suka saba. Idan malamanmu suka karanta ayar Tauba ta 30, da ke cewa suna kwaikwayon maganar waɗanda suka kafirta a gabani, a wannan fage ne tattaunawar take: yaya aka yi mabiyan wani Annabi Bayahude suka kai ga aƙidar Nikiya cikin shekara 300? Kirista zai ce maka aƙidar tana nan tun farko, zai kawo wasiƙun Bulus da ke ɗaukaka Yesu tun shekarun 50, hujja ce kuma da sai ka yi karatu kafin ka amsa ta. Kai kuma za ka kawo Yahudawan Kiristoci irin su Ebiyonawa da suka riƙe Attaura suka ɗauke shi mutum. Nan kowa yana da nassin da zai buɗe.

Ko a cikin masu musun samuwar Yesu, ba a ɗauki jerin Horus da daraja ba. Richard Carrier, wanda ya fi kowa ƙoƙarin kare ra'ayin da salon jami'a a littafinsa na 2014, ya gargaɗi mutane kan dogaro da Graves, ya kuma soki yadda aka fassara hoton Luxor. Bart Ehrman kuma, wanda ya bar Kiristanci ya shahara da sukar ingancin nassin Linjila, ya rubuta littafi guda a 2012 yana nuna cewa an yi Yesu, ya jero kurakuran Murdock ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne da ba shi da wata riba a kare coci.

Ka kuma tuna an taɓa yi mana irin wannan. A shekarun 1990 wani mai wa'azi Ba'amurke, Robert Morey, ya yaɗa cewa Musulmi gunkin wata suke bauta wa, hujjarsa jinjirin watan da ke kan masallatai da wani mutum-mutumi da aka tono a Falasɗinu. Duk Musulmi ya san ayar Fussilat da ta hana sujada ga rana da wata, ya san kuma zafin da ake ji idan aka yi wa addininka wannan karatu. Hanyar da Morey ya bi ita ce Murdock ta bi. Abokinka in mai bincike ne, minti kaɗan zai ɗauka ya gano Devaki tana da 'ya'ya kafin Krishna, daga nan kuma ko ka kawo masa magana mai ƙarfi zai saurare ta da shakka. In kana son abin da za ku tattauna a kai, ku ɗauki babi biyu na farko na wasiƙar Galatiyawa da babi na 15 na Ayyukan Manzanni, ku karanta tare, ku ga abin da Bulus da Bitrus da Yakubu suka yi saɓani a kansa game da kaciya da dokar Attaura.